In faifan anime ɗaya za ka saya, ga wanda ya cancanci kuɗinka

Daga Agustan 2022 zuwa Yulin 2023 Japan ta saki manyan finafinan zane guda huɗu da suka cika sinimomi, kuma yanzu dukkansu sun sauko kan faifai: One Piece Film Red, Suzume, The First Slam Dunk, sai The Boy and the Heron. Faifan asali da tsada yake, balle a ɗora masa kuɗin aiko shi daga waje, shi ya sa yawancinmu ɗaya za mu iya ɗauka. Ni dai The First Slam Dunk nake so ka saya, kuma zan faɗi dalilina. Amma bari mu fara sallamar sauran.

One Piece Film Red fim na 15 ne a jerinsa, waƙoƙi sun cinye kaso mai yawa a cikinsa, kuma in ba ka daɗe kana bin labarin ba, ba da kai ake yi ba. Wuce shi.

Suzume na Makoto Shinkai ya fito a Nuwamban 2022. Yarinya ce 'yar shekara 17 daga Kyushu take ratsa ƙasar tana rufe wasu ƙofofi da bala'i ke ɓullowa ta cikinsu, tare da wani saurayi da aka mayar kujera mai ƙafa uku. Ƙashin bayan labarin shi ne girgizar ƙasar 11 ga Maris 2011 da ambaliyar tekun da ta biyo baya, kuma fim ɗin ya kai ga shiga gasar bikin finafinai na Balin a 2023. Zanen sararin samaniya da na ruwa ba a magana. Sai dai kallo ɗaya ya wadatar da ni, kuma abin da kallo ɗaya ya wadatar ba sai an ajiye faifansa a gida ba. Iyaye su sani akwai alloli da addu'o'in gargajiyar Japan a ciki.

The Boy and the Heron ya fi wuyar turewa gefe. Aikin Hayao Miyazaki ne na kamfanin Studio Ghibli, an sake shi ranar 14 ga Yulin 2023 ba tare da tallar bidiyo ko ɗaya ba, hoton bango guda kawai aka nuna wa jama'a, kuma a Maris 2024 ya ci kyautar Oscar. Wani yaro mai suna Mahito ya rasa mahaifiyarsa a gobarar asibiti a Tokiyo lokacin yaƙi, uban ya auri ƙanwar marigayiyar, suka koma ƙauye inda wani zalɓe mai magana ya sa yaron a gaba. Bahaushe zai gane nauyin wannan gida tun kafin a yi masa bayani: yaro ana so ya kira ƙanwar uwarsa da sunan uwa alhali zuciyarsa ba ta huce ba. Rabin farko ya taɓa ni sosai. Rabi na biyu kuwa mafarki ne cikin mafarki, wasu su so, wasu su tashi ba su san inda aka dosa ba. Akwai kuma wurin da yaron ya fasa kansa da dutse, jini ya yi ta zuba, don haka ba na ƙananan yara ba ne. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba shi ne, tun 2020 finafinan Ghibli suke kan Netflix a ƙasashenmu, kuma wannan ma ya bi sahu. Da kuɗin wata ɗaya da data za ka kalle shi da halal.

The First Slam Dunk ya fito ranar 3 ga Disamban 2022. Takehiko Inoue, wanda ya zana littattafan labarin daga 1990 zuwa 1996 har juzu'i 31, shi da kansa ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, aka yi aikin da kamfanin Toei Animation. Shirin talabijin da aka yi da labarin a shekarun 1990 ya tsaya bai kai ga babban wasan ƙwallon kwandon da masu karatu suka fi ƙauna ba, wato karawar makarantar Shohoku da zakarun ƙasa, Sannoh. Sama da shekara 25 mutane suna jiran wannan wasa. Da aka sanar an canja duk masu muryoyin da aka saba da su, magoya baya sun yi ta ɓaɓatu. Da fim ɗin ya fito sai ya haura yen biliyan 15 a Japan kaɗai, ya kuma ci kyautar fim ɗin zane na shekara a ƙasar.

Fim ɗin wasa ɗaya ne na ƙwallon kwando, daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe, ana yanka shi da waiwaye. Inoue ya ajiye jarumin da kowa ya sani, mai jan gashin nan Sakuragi, ya ɗauko Ryota Miyagi, mai lamba 7, wanda ya fi kowa gajarta a cikin biyar ɗin. Ryota ɗan tsibirin Okinawa ne. Ubansu ya rasu, sannan yayansa Sota, wanda ya koya masa ƙwallo, ya shiga teku kamun kifi bai dawo ba. Yaro ya tashi kowa yana auna shi da mamaci, uwa kuma ta kasa kallonsa cikin rigar wasa ba ta tuna wancan ba. Ba sai ka san dokar ƙwallon kwando ba, ba kuma sai ka taɓa buɗe littafin ba. Tun a buɗewa za ka ga ana zana 'yan wasan da fensir ɗaya bayan ɗaya, layi yana hawa kan layi, sai kawai zanen ya ɗaga ƙafa ya fara takowa wajenka. Daga nan jiki ne ke magana: yadda gajiya ke sauke kafaɗa, yadda riga ke manne wa baya da gumi, ƙarar takalmi a kan katako, numfashin mutum lokacin da dogaye biyu suka rufe shi a kusurwa.

Sannan ga daƙiƙun ƙarshe na wasan, inda aka janye sautin kusan gaba ɗaya. Babu ihun 'yan kallo, babu kiɗa, babu mai magana, zane ne kawai ke gudu. Saboda wannan wurin nake cewa a sayi faifan asali. Motsi mai sauri shi ne abin da matsattsen bidiyo ya fi lalatawa, hannaye da ƙwallo su narke su koma ɗigo-ɗigo. Wanda aka ɗauka da waya a cikin sinima kuwa, daidai inda ya kamata a yi tsit nan za ka ji tarin wani da motsin ledar gugguru. Irin wannan kwafin ya yi yawo a shagunan masu tura fim a waya, har da tallar caca da ke ratsa tsakiyar allo. Wanda ya kalli wannan ya ce fim ɗin bai burge shi ba, ni a wurina bai kalla ba tukuna.

To amma fa sayen faifai ma akwai rami, kuma na taɓa faɗa wa hannun wani mai sayarwa a intanet da ya aiko min da jabu a matsayin Blu-ray na asali, wato faifan da ya fi DVD ingancin hoto. Kwalin ya yi kyau, har da ledarsa a liƙe. Da na kunna, fassarar da ke ƙasan allo ta inji ce, sunan mutum ɗaya yana canjawa daga wuri zuwa wuri, murya kuma tana biyo bayan baki. Da na koma masa magana sai na tarar ya toshe ni. Tun daga ranar, fassara da bayan faifai nake fara dubawa kafin komai.

Juya faifan ka karkata shi a haske. Na asali a masana'anta ake buga shi, bayansa fes yake, launi ɗaya daga ciki har waje. Wanda aka ƙona da kwamfuta yakan yi duhu, kuma sau da yawa za ka ga zobe daidai inda rubutun ya tsaya. Kusa da ramin tsakiya, faifan masana'anta yakan ɗauki wasu ƙananan haruffa da suka fara da IFPI. In babu su, ka yi shakka. Duba kwalin kuma: bugun asali yana ɗauke da sunan kamfanin da ya sayi izinin rarrabawa a wannan ƙasa, kamar GKIDS a Amurka, da alamar shekarun masu kallo. In ka ga an rubuta cewa faifan yana aiki a kowane yanki, fassararsa kuma Turanci da Sinanci da Malayanci ce a jere, to yawanci satar fasaha ce. Haka nan kwalin da ya ce ya tattara finafinan Ghibli kaf a faifai uku ko huɗu. DVD mai hawa biyu gigabait 8.5 yake ɗauka, Blu-ray mai hawa biyu kuma 50. Lissafa da kanka me zai rage na hoto in aka cusa fim biyar a wurin da aka yi domin ɗaya. Farashin da ya faɗi warwas ma shaida ne, araha ba ta ado. Kuma kada hoton da aka saka a shafin talla ya ruɗe ka, domin na asalin suke ɗaukowa su liƙa.

Ko faifan na gaske ne, yana iya ƙin tashi a na'urarka. An raba duniya gida uku a harkar Blu-ray: Amurka da Japan suna yankin A, Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna B, Sin da Indiya da Rasha suna C. A DVD kuwa lambobi ne, Amurka 1, Japan da Turai 2, Najeriya da Nijar 5. Yawancin DVD ɗin da ke kasuwanninmu ba ruwansu da wannan, komai aka ba su suna ci, amma na'urar Blu-ray tana da taurin kai. Masu PlayStation su kula sosai a nan. Wasanni ba su da shinge, amma finafinai suna da shi, kuma na'urar tana bin ƙasar da aka yi ta dominta. Wadda aka sayo a Dubai ko Ingila B ce, ta hannu da ta fito daga Amurka A ce. Faifan 4K, wanda ya fi Blu-ray na yau da kullum ingancin hoto, ba shi da wannan shinge ko kaɗan, sai dai PS4 ba ta karanta shi, sai PS5 mai bakin faifai.

Bugun Japan yana jan ido, kwali mai kauri da ɗan littafin zane a ciki, amma ya fi tsada, kuma da yawansu ba su da fassarar Turanci ko Faransanci. Na Ghibli sukan sa Turanci, sauran kuwa sai ka karanta bayan kwali da idonka. 'Yan Nijar da Kamaru da Chadi da suka fi sakewa da Faransanci, bugun Faransa ya fi dacewa da ku, ga shi kuma yankin B ne. Ko wanne ka samu, ka tabbata akwai muryoyin Japananci na asali a ciki, musamman a Slam Dunk, inda haki da gajerun kalmomin cikin fili suke ɗauke da rabin wasan.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce mai sayarwa ya ɗauko maka hoton bayan kwalin da na bayan faifan kansa, a kan takardar da ya rubuta kwanan watan ranar da hannu. In faifan a rufe yake da leda, hoton bayan kwali ya isa ka ga harafin yanki, sunan mai rarrabawa da jerin harsuna. Wanda ya fara kwana-kwana a kan wannan, bar masa kayansa. In kuma ɗan'uwa ne zai taho maka da shi daga waje, ka faɗa masa harafin na'urarka tun kafin ya shiga shago, ya kuma sa kwalin a jakar hannu, domin robar Blu-ray ba ta jure matsi a cikin akwati.