Google Lens wajen tantance hotunan WhatsApp: yana kama tsohon hoto, amma da sauran rina a kaba

Da yawa daga cikin hotunan tashin hankali da ke yawo a gurup-gurup ba haɗa su aka yi ba, tsofaffi ne aka sauya musu labari. Hoton gawarwakin da suka ƙone a gobarar tankar mai a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a watan Yulin 2010, an sha yaɗa shi da sunan kisan gilla a Najeriya. Irin wannan ƙaryar ce Google Lens, tsarin Google na bincike da hoto, ya fi iya bankaɗowa.

Amfani da shi ba wuya, kuma kyauta ne. Ka ajiye hoton a waya, ka buɗe manhajar Google, ka taɓa alamar kyamara da ke gefen wurin rubutu, ka zaɓi hoton. Kafin ka duba sakamako, ja gefunan akwatin ka fitar da rubutun da aka liƙa da tambarin shafi, don suna rikita binciken. Sannan ka nemi shafukan da suka ɗora ainihin hoton, ba mai kama da shi ba. A nan mutane ke tafka kuskure: Lens yana kawo hotunan wata gobarar daban saboda hayaƙi da launi sun yi kama. Kwatanta gini, lambar mota ko kakin 'yan sanda tukuna.

Babban rauninsa shi ne kwanan wata. Ba ya jera sakamako daga mafi daɗewa, sai ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. TinEye, wani shafin bincike da hoto, ya fi shi a nan, yana da zaɓin fara nuna kwafi mafi tsufa, sai dai rumbunsa bai kai na Google ba.

Bidiyo kuwa sai ka tsayar da shi ka ɗauki hoton allo a wurare uku ko huɗu, ka bincika kowanne. Wanda aka yi ta turawa har ya dusashe sau da yawa ba ya kawo komai. Saƙon murya, wanda ke yawo sosai a wajenmu, ba ruwan Lens da shi.

Kuma rashin sakamako ba shaidar gaskiya ba ce. Lens ba ya ganin abin da ke cikin gurup na WhatsApp, haka sabon hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa ba shi da tsohon kwafi da za a gano. Idan ya dawo hannu rabbana, duba ko shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun bi diddigin labarin kafin ka tura.