Ƙwanƙwasa Bawul ko Musanya Shi: Wanne Ya Fi Gano Mai Ƙara?

Masu tsohuwar rediyo da amfilifaya masu bawul, wato ƙwan gilashin da ke ƙarfafa sauti a cikinsu, sun sha tambayata wace hanya ta fi saurin gano bawul mai ɓata sauti.

Ƙwanƙwasawa ba ta cin ko sisi. Ka kunna na'urar, ka bari ta ɗau zafi, ka riƙa taɓa kowane bawul a hankali da gindin fensir. Wanda ya amsa da "ƙwal" ko kuwwa a lasifika, kayan cikinsa sun saki. Amma a amfilifaya mai ƙarfi, ko lafiyayyen bawul na farko, kamar mai lamba 12AX7, yakan ɗan amsa, har ka zarge shi a banza. Ga haɗari: wutar ciki kan haura bolt 300, don haka hannu ɗaya a aljihu!

Musanya kuwa sai kana da lafiyayye mai lamba iri ɗaya, kuma akwai jira, domin sai an kashe, gilashi ya huce. Ita ce ke kama shuuu da gurnanin da fensir ba ya tonawa. In ƙarar ba ta tafi ba, duba soket ɗin da bawul ke zama a ciki.

Mai na'ura ɗaya a gida, fensir ya ishe shi farawa. Mai gyara a shago, musanya ta fi masa.