Sikelin gilashi mai nuna BMI: kilo daidai, amma a kula da tsayi

Mun gwada irin sikelin nan mai batir da ake haɗawa da waya ta Bluetooth a kan siminti da tayil da kafet. A ƙasa mai tauri yana maimaita lamba ɗaya idan aka hau sau biyu a jere. A kan kafet ko tabarma kuwa sai ya riƙa sauya magana. Ta fuskar kilo ba shi da laifi.

Sikelin ba ya auna tsayi, abin da aka rubuta a manhaja yake ɗauka, kuma nan ne ake tafka kuskure. BMI, wato lambar da ke kwatanta nauyin mutum da tsayinsa, nauyi ne a kilo, a raba shi da tsayi a mita da aka ninka da kansa. Mai kilo 70 da tsayin mita 1.70 zai samu 24.2. Idan aka rubuta 1.65, lambar ta koma 25.7, ya haura 25 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin farkon nauyin da ya wuce kima. Wasu kan rubuta 5.7 da nufin ƙafa biyar da inci bakwai, alhali ƙafa inci 12 ce: 5.7 kusan santimita 174 ke nan, ba 170 ba. A duba maɓallin ƙasan sikelin ma, kada ya koma auna nauyi da fam maimakon kilo. Mai lissafi da fam da inci dole ya ninka sakamakonsa da 703.

Manhajar tana shafa wa lambar ja ko kore tamkar hukuncin likita, wannan kuwa wuce gona da iri ne. Adolphe Quetelet, masanin taurari da ƙididdiga ɗan Beljiyam, ya fito da lissafin a shekarun 1830 yana nazarin matsakaicin jikin Turawa, ba ciwon kowa ba. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da ake kiransa yau. BMI bai bambanta tsoka da kitse, shi ya sa ɗan dambe ko ɗan dako mai ƙirar ƙarfi zai iya faɗawa sahun masu ƙiba.

Adadin kitsen da sikelin ke nunawa shi ya fi rauni. Ɗan ƙaramin lantarki yake turawa ta tafin ƙafa, kaushin hunturu ko ƙarancin ruwa a jiki na sauya sakamakon. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau. Mai ciki da yara kuma ba a auna su da iyakokin manya.

Sikelin ya cancanci saye don bibiyar kilo da safe kafin karin kumallo. A haɗa da tef ɗin tela: zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsayi.