Chiang Rai ko Mae Hong Son: ina ya fi dacewa a je?

Masu shirin zuwa arewacin Tailan sun sha tambayata wanne za su zaɓa cikin lardunan nan biyu. Dukansu ƙasar duwatsu ce a bakin iyakar Miyanmar, amma ba halinsu ɗaya ba.

Wajen sauƙin zuwa, Chiang Rai ta yi gaba: jirgi daga Bankok bai kai awa biyu ba, mota daga Chiang Mai, babban birnin arewacin ƙasar, kamar awa uku. Mae Hong Son kuwa sai mai haƙuri. Titinta ya yi suna da lanƙwasa 1,864, hawa da gangara, direba na murza sitiyari ba hutu. Mai yin amai a mota ya riƙe leda kusa.

A Chiang Rai akwai ƙabilun Akha da Lahu, ga gonakin shayi na Sinawan ƙauyen Mae Salong, ga mahaɗar ƙasashe uku a kogin Mekong. Sai dai baƙi sun yi yawa, wasu ƙauyukan sun zama kasuwar ɗaukar hoto, abin da ba ya burge ni. Mae Hong Son ta fi natsuwa, kuma al'adun ƙabilun Shan da Karen sun fi fitowa fili.

Abincin halal ya fi samuwa a birnin Chiang Rai, albarkacin Musulmi 'yan asalin lardin Yunnan na ƙasar Sin da masallatansu. Duka biyun, a guji watan Maris saboda hayaƙin ƙona gonaki.

Mai iyali ko ƙurarren lokaci, Chiang Rai ce tasa. Mai mako guda a hannu da son shiru, ya nufi Mae Hong Son.