Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki fara saya wa ɗanki da ya shiga sakandare, Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar. To ni dai duka biyun na karanta a aji, kuma asalinsu ɗaya, gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, amma fa halinsu ya sha bamban.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam shi ne muke rububi. Jarumin labarin, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, duk garin da ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya ƙulla wa wancan sharri, wancan ya rama, wallahi har malaminmu sai ya ajiye littafin ya gama dariyarsa tukun. Ba wanda ya damu da ruwan ma, mu dai Zurƙe muke jira. A lokacin ko a jikina, sai daga baya na lura Alhajin nan fa shi ma ba kanwar lasa ba ne, tsiyarsa ta kai ta Zurƙe, kawai dai shi ke ba da labarin shi ya sa muke goya masa baya.

Shaihu Umar kuwa, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, gaskiya da farko gundura ta ya yi. Ba raha, magana a natse kamar ana wa'azi, an yi wa Makau, mijin uwar Umar, ƙazafi a fada an kore shi, an sace Umar yana ƙarami, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren Sahara. Don jarrabawa kawai nake bi. Sai da muka zo wajen uwarsa, matar nan ta bar komai ta bi sawun ɗanta, ita ma aka mai da ita baiwa, shekara da shekaru, ta gan shi ke nan ba a jima ba ta cika. Ranar ajin tsit, na koma gida na kasa kallon Innarmu ido da ido, ita kuma tana ta tambaya ko duka na aka yi.

Saboda haka fara masa da Ruwan Bagaja, ya saba da karatun Hausa cikin nishaɗi, Shaihu Umar ki ɗan jinkirta sai ya kai aji uku ko huɗu. Kuma in kin sayo ki riga shi karantawa, don zai tambaye ki me ya sa ake sayar da mutane.