Hita mai tanki ko ta nan take: wacce za a sa a banɗaki?

Alhaji, ka yi tambaya a zaure cewa kana gyaran banɗakin gidanka a Agege, kuma mai wayarin ya ba ka zaɓi biyu: hita mai tanki da ake ratayawa a bango, ko 'yar ƙaramar nan da ke ɗumama ruwa nan take yana zubowa daga shawa. Ka ce ranka ya fi kwanta wa ƙaramar don ba ta cin wuri, amma Hajiya tana tsoron jan wuta. Gaskiya Hajiya tana da hujja.

Bambancinsu daga cin wuta ya faro. Mai tanki ta lita 30 ko 50 yawanci kilowat 1.5 zuwa 2 take ci. A wutarmu ta bolt 230 wannan bai kai amfiya 10 ba, waya mai kauri lamba 2.5 ta ishe ta. Ita ta nan take ba ta da lokacin jira, a 'yan daƙiƙun da ruwa ke ratsa ta dole ta gama aikinta, shi ya sa ƙananan ma suke farawa daga wajen kilowat 3.5. Mai kilowat 7 tana jan amfiya 30, tana son layinta ita kaɗai tun daga akwatin fis, da waya mai lamba 6 aƙalla. In aka yi ganganci aka jona ta a layin soket, wayar za ta riƙa zafi a cikin bango inda ido ba ya gani, sai wata rana ka ji ƙauri kamar na kifi, ka duba ka ga fuskar makunnin ta yi ruwan ƙasa tana narkewa. Ƙaramin janareta ko inbata kuwa ba sa ɗaukarta. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, da ƙyar ruwan zai yi ɗumi.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Mai tanki kana iya kunna ta da dare in an kawo wuta, ta yi zafi, ka kashe, da asuba ka yi wanka babu wutar da ke shiga cikinta. Ta nan take dole tana kunne lokacin da kake tsaye a ƙarƙashinta, ba takalmi, ƙafa cikin ruwa, jiki duk sabulu. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba ta. Ga wurin zama: ta nan take a cikin wurin wankan ake kafa ta, don haka sai ka duba kwalinta ka ga an rubuta IPX4 ko sama da haka, wato tana jure fantsamar ruwa. Mai tanki ana iya kai ta bayan bango a waje, fayif kaɗai ya shigo.

Kada a ɗauka mai tanki ba ta da laifi. Ƙarfen da ke dafa ruwan a cikinta yana ciwuwa, musamman da ruwan burtsatse mai gishiri ko tsatsa irin na ɓangaren Lekki da Ajah, kuma in ya huje wuta na iya bin ruwa da jikin tankin. Tana da wani ɗan bawul a ƙasa da ke ɗiga in matsin ciki ya yi yawa. Wasu masu gyaran famfo suna toshe shi wai don yana jiƙa tayil. Kada ka yarda, numfashin tankin ke nan, a sa masa siririn tiyo ya zuba a magudana. Sai nauyi: lita 50 na ruwa kilo 50 ne, ban da tankin, don haka ba kowane bango ba ne zai riƙe.

Duk wadda ka zaɓa, akwai abu biyu da in babu su, ni ba zan sa ko ɗaya ba.

Na farko RCD, na'urar da ke katse wuta in ta fara zurarewa, wanda masu wayarin da yawa a nan suke kira ELCB. Mutane suna ganin bireka a akwati sai su natsu. Bireka mai lamba 20 ko 32 waya take karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba tana iya rikita bugun zuciya, birekar ko gezau ba za ta yi ba. RCD yana auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo, da ya ga ta yi giɓi sai ya katse kafin daƙiƙa guda. Ka karanta jikinsa da idonka ka ga 30mA. Akwai masu 100mA da 300mA, waɗannan ba don ceton mai wanka aka yi su ba.

Na biyu wayar at, mai launin kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. A gidaje da yawa ana ganinta a bayan soket, amma in ka bi ta ba ta kai ko'ina ba. Ka sa a nuna maka inda aka kafa sandar ƙarfen da ake jona ta a ƙasa, a gwada ta da na'ura a gabanka. Fayif ɗin roba ba ya maye gurbinta.

Makunnin hita a wajen ƙofa, irin mai katse waya biyu lokaci guda. Soket kuwa kada ya shiga banɗakin sam, ko na injin wanki ne. Hitar bokiti da yara ke tsoma yatsa su ji ko ruwa ya yi, wannan a raba gida da ita.

Ni dai da gidana ne, a irin wutar Legas, mai tanki zan sa a waje. Ta nan take sai gidan da aka ja mata layinta tun farko kuma wuta ke tsayawa. Ka tambayi mai aikin ko yana da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu wayarin. Kafin ka biya cikon kuɗinsa, ka danna maɓallin gwaji mai harafin T a jikin RCD ɗin ana da wuta. In bai faɗo nan take ba, aiki bai ƙare ba.