Tseren keke na karɓa-karɓa a Sakkwato: kaka ko hunturu?

Masu haɗa tawagar keke suna yawan tambaya: wane lokaci ya fi daɗin ratsa ƙasar Sakkwato, kaka ko hunturu?

A kaka, wajen Oktoba, ƙasa na da sauran kore. Dawa ta sunkuyar da kai, fadamun gulbin Rima cike da ruwa, balbela na bin shanu, damo na gilmawa kan titi. Sararin sama garau, ana hango nesa. Matsalar ita ce zafi: hantsi na yi rana ta fara dukan ƙeya, don haka a taƙaita rabon kowa zuwa kilomita 10, a fita bayan asuba. A kiyayi gefen hanya, tsidau ya bushe, ƙayarsa na huda taya. Kowane keke ya ɗauki famfo da kayan faci.

Hunturu kuwa, Disamba da Janairu, jiki ya fi jurewa, mutum ɗaya zai iya jan kilomita 20. Gawo ya yi ganye shar lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, abin ban sha'awa matuƙa, tsuntsayen ruwa daga Turai kuma sun sauka tafkin Kware. Amma hazo na rufe kallo, ƙura na cin sarƙa, sai an goge ta an ɗiga mai kullum. Iskar daga arewa maso gabas take: mai nufin Tambuwal tana tura shi, mai nufin Wurno tana tare masa ƙirji.

Tawagar da ke son hoto da koren gonaki, kaka ta dace da ita. Sababbin mahaya da masu kallon tsuntsaye su jira hunturu.